Motar kujera biyu a Garwa: jari ce ko sha'awa?

Ɗan Yelwa:
Salamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen manya da masu sanin mota. Akwai wata Mazda MX-5 da aka turo min hotunanta daga Yawunde, ƙirar 2002, inji 1.8, giyar hannu, sitiyari a hagu, ja ce, rufinta na tamfol ne wanda ake naɗewa baya. Mai ita yace sefa miliyan 5 da rabi, ni kuma abin da ke hannuna miliyan 4 da jaka 700, shekara uku ina tarawa. Tun ina yaro nake son motar nan wallahi, amma ba sha'awa kaɗai ba ce, na daɗe ina bin shafukan sayar da motoci na Faransa da Jamus, naga irin waɗannan ƙananan motocin gudu marasa nauyi kuɗinsu baya faɗuwa, wasu ma hawa yake yi. Shine nace in na saya na hau shekara biyu ko uku, ranar da na tashi sayarwa ko ban ci riba ba uwar kuɗina zata dawo. Ya kuka gani?

Baban Ummi dillali:
Wa alaikumus salam ɗana. Tambaya ɗaya zan maka kafin komai. Ranar da ka tashi sayarwa, wa zaka sayar wa? Kirga min mutum uku a Garwa da zasu ciro miliyan 4 su baka a kan motar da bata ɗaukar fiye da mutum biyu.

Ɗan Yelwa:
Baba ai ba lallai sai a Garwa ba, akwai Duwala akwai Yawunde, ga Njamena nan kusa, kuma yanzu da waya ake ciniki

Baban Ummi dillali:
To bari in baka labari, shekarata sama da 20 a harkar nan. An taɓa kawo min wata mai ƙofa biyu, ba Mazda ba amma danginta ce, mai ita ya samu canjin wurin aiki yana son kuɗi da gaggawa. Lafiyayyar mota, ko ƙwarzane babu. Wata 14 tana ajiye a wajena. Kullum samari sai sun zo sun zagaye ta, a ɗauki hoto, a tambayi gudunta, babu wanda ya taɓa cewa nawa zaka bari. A cikin watannin nan Corolla nawa suka shigo suka fita ban iya kirgawa ba, wata ko kwana bata yi ake biya. Ƙarshe ƙasa da rabin abin da ya saya muka sallama, ni ko la'adata ban karɓa cikakkiya ba saboda tausayinsa. Kuɗin mota ba a jikinta yake ba ɗana, yana aljihun mai saye ne, in babu mai saye a garinku to farashin da ka gani a intanet na mutanen can ne.

Na Beljik:
Ni ina Birasel, kusa da titin Heyvaert inda ake loda motocin da ke zuwa Duwala da Kwatano ta tashar Anvers, kuma gaskiya yaron nan bai yi ƙarya ba a kan farashin nan Turai. Amma ya kamata a san dalili. MX-5 ta fara fitowa a 1989, ta farkon ita ce mai fitilu masu ɗagowa kamar ido, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, inji 1.6 da farko, daga baya aka ƙaro 1.8. Wannan ta farkon ita ce kuɗinta ya tashi sosai, don yawancinsu sun haura shekara 30, kuma a Faransa da Jamus motar da ta kai 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi. Ga kuma yaran da suka taso suna ganinta a lokacin, yanzu sune manya masu albashi, kowa na neman motar ƙuruciyarsa. Taka ta 2002 zubi na biyu ce, wanda aka yi daga 1998 zuwa 2005, kuma ita ce mai araha a cikinsu har yanzu. Kada ka manta Mazda sun ƙera MX-5 sama da miliyan ɗaya, a 2016 suka cika miliyan ɗin, to abin da yake da yawa haka ba kowace ɗaya ce ke zama zinariya ba. Wadda ake rububi ita ce mai ƙarancin kilomita, marar tsatsa, mai littafin gyara tun daga ranar da ta fito daga kamfani.

Ɗan Yelwa:
Yaya na gode, amma kaga ko kai ka yarda tana riƙe kuɗi. A ce yuro 8,000 kawai ake sayar da irinta a Turai, in ka buga da 655 ya haura sefa miliyan 5, kenan farashin da aka faɗa min ba tsada bane

Na Beljik:
Lissafinka daidai ne, yuro ɗaya sefa 655 da ɗan ɗoriya ne baya motsi. Inda lissafin ya karye shine hanyar ɗaya ce, mota na sauka daga Turai zuwa wajenmu, bata komawa. In kace zaka mayar da ita nan ka sayar, ka biya jirgin ruwa, ka biya harajin shigowa kashi 10, ka biya harajin saye da sayarwa na TVA kashi 21 a Beljik ko 20 a Faransa, sannan Bature ya tambaye ka takardun gyaran shekara biyar da suka wuce kace a garejin unguwa aka yi babu rasit. Daga nan ciniki ya mutu.

Usta na Domayo:
Ku bari makanike ya sa baki. Ni daga Marwa nake, kuma na taɓa kwance injin irin wannan sau ɗaya. Maganar gaskiya injin bashi da matsala, dangin injin Mazda 323 ne, ƙarfe ne mai haƙuri, kuma yana da wani alheri guda, ko bel ɗin taimin ya tsinke kana tafiya bawul baya dukan fistan, sabon bel kawai zaka sa ka tashi. Ba kowace mota ke da wannan ba. Matsalar tana ƙasa. Tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 14 ne, to ka tuna min hanyar gidanku da damina, ka tuna tudun rage gudun da ake zubawa a unguwanni kowa da irin tsayin da ya ga dama, salansa da kaskon baƙin mai sune zasu fara gaisawa da su. Na biyu tsatsa. Motocin da suka zauna a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, MX-5 tana ruɓewa ta dogarin ƙasan ƙofa da bakin tayoyin baya, kuma na shekarun 2001 zuwa sama har ƙarfen shasi na gaba yana ci daga ciki, waje fenti na ƙyalli ciki ya zama garin ƙarfe. Akwai wasu ƙananan ramuka da ruwan rufin ke bi ya fita, in suka toshe ruwan a cikin bodi yake kwana. A wajenmu ƙurar hunturu ce zata toshe su, ruwan Agusta ya zo ya samu hanya a rufe.

Kada ka biya ko dala sai an hau da ita kan rami ka shiga ƙasa da tocila da sukundireba kana dannawa.

Hajiyar Njamena:
Ƙanina kana da iyali kuwa?

Ɗan Yelwa:
Hajiya da saura, amma an kai gaisuwa, bayan sallah ake sa rana in Allah ya yarda

Hajiyar Njamena:
Allah ya sa alheri ya kaimu. To ni ba zan ce maka kada ka so abin da kake so ba, amma ka sa a ranka shekara ɗaya ko biyu masu zuwa akwai ranar da zaka ɗauki maiɗakinka da goyo da mahaifiyarka zuwa asibiti ko suna, kujera biyu ce. Ranar zaka nemi sayarwa, kuma mai sayarwa don dole shi ake taya wa yadda aka ga dama. Kuma da ka ambaci Njamena, ka cire mu a lissafi. Nan mai kuɗi Land Cruiser yake nema, mai matsakaicin hali Corolla ko RAV4 ko Hilux, saboda da ka sauka daga kwalta yashi ne da rani, taɓo da damina. Kafin ma ta iso gadar Ngeli sai ta bi hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, tambayi direbobin manyan motoci yadda suke fama da ita, a bayan wata motar zaka ɗoro ta.

Mai MR2 Ngaundare:
Ni kam zan tsaya wa yaron nan, don duk wanda yayi magana a sama babu wanda ya taɓa mallakar irin motar. Ina da Toyota MR2 ta 2003 shekara huɗu kenan. Wallahi ranar da ka sauko gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundare zuwa Garwa da sassafe, rufi a buɗe, iska mai sanyi, motar tana bin kwana kamar ta san abin da ke ranka tun kafin ka juya sitiyari, zaka gane me yasa mutane ke haukacewa a kan motar da bata da nauyi. Ba gudu bane. Rashin nauyin ne, birki na kamawa nan take, taya bata saurin cinyewa, mai kaɗan take sha, kuma da litar fetur ta kai sefa 840 a gidan mai tun 2024, zuwa-zuwa ma, wato fetur ɗin bayan fage da muke samu da araha daga Najeriya ya tashi tunda suka cire tallafi a 2023, wannan ba ƙaramin abu bane. Ba komai ne ake aunawa da nawa zan sayar ba. Mutum na sayen doki a Garwa ko Rai Buba ya ciyar da shi shekara da shekaru don hawan sallah, wa ya taɓa ce masa ina ribar?

Baban Ummi dillali:
Malam ai ka zo inda nake. Mai doki bai taɓa cewa jari ya zuba ba, yasan sha'awa yake ciyarwa. Yaron nan cewa yayi uwar kuɗinsa zata dawo, wannan kalmar ce nake ja da ita ba motar ba. Kai yanzu tsakaninka da Allah, an taɓa taya taka?

Mai MR2 Ngaundare:
An taya sau biyu Alhaji, kuma gaskiya duka biyun basu kai kashi biyu cikin uku na abin da na kashe ba, na ƙi. Amma ni ban saya don in sayar ba

Usta na Domayo:
Amma kai ka yi dabara wajen zaɓe, ko da saninka ko babu. MR2 ta wannan zubin, daga 1999 zuwa 2007, injinta 1ZZ ne 1.8, shine dai wanda ke cikin Corolla da Avensis da suka cika garuruwanmu. Fulogi, filta, famfon ruwa, koyil, har injin sukutum in ta kama, a kasuwar kayan gyara ta Marwa ko Garwa zaka samu, in babu a ɗauko daga Mubi ko Yola. Abin lura kawai na farko-farkon suna shan baƙin mai, kuma akwai matatar hayaƙi ƙarama a bakin injin da ke farfashewa garinta ya koma ciki ya ci silinda, shi yasa masu ita da yawa ke cirewa. Mazda kuwa in gilashin fitila ya fashe ko tamfol ya yage, sai ka jira ɗan'uwa irin Na Beljik ya sako maka a kwantena.

Mai MR2 Ngaundare:
Haka ne Usta, sai dai ita kuma MR2 injin a bayan kujera yake, babu but ɗin kirki, jakar tafiya ɗaya ma da dabara take shiga. Mazda ta fi ta wajen wannan nesa ba kusa ba. Kuma mai inji a tsakiya in ka shiga kwana da gudu ka ɗaga ƙafa kwatsam bayanta na iya juyowa, sai wanda hannunsa ya faɗa.

Ɗan Kuseri:
ni tambayata daban ce, naga ana ta maganar Lotus a bidiyo wai ita ce sarauniyar marasa nauyi, ita nawa take kuma me yasa ba'a kawo ta nan

Na Beljik:
Lotus Elise kake nufi. A Ingila ake yinta, ta fito 1996, ta farkon kilo 725 ce kacal, kaga kusan rabin motar gida ta yanzu. Shasinta alminiyom ne da aka haɗa da gam ba walda ba, bodin kuma faiba. Sun daina ƙera ta a 2021, kuma tun da aka daina masu ita suka riƙe, kuɗinta ya ninka na MX-5 sau da yawa. Ita da Honda S2000, wadda aka yi daga 1999 zuwa 2009 mai injin da ke juyawa har 9,000 a minti, sune misalin da ake bayarwa in ana cewa ƙaramar motar gudu na riƙe kuɗi. Dalilin a fili yake, ba'a yi su da yawa ba, an daina yi, kuma dokokin hayaƙi da na kariya daga hatsari sun sa motocin yanzu duk sun yi nauyi, mai lantarki ma batirinta kaɗai ɗaruruwan kilo ne. Ga Amurkawa da dokarsu ta shekara 25, duk motar da ta kai wannan shekarun suna iya shigo da ita, shi yasa tsofaffin motocin gudu na Japan suke ta tsada. Sannan daga 2020 zuwa 2022 lokacin korona da aka rasa sabbin motoci saboda ƙarancin ƙananan na'urorin lantarkin da ake sa musu, duk wata tsohuwar mota ta tashi, mutane da yawa a lokacin suka ɗauka haka abin zai dawwama.

Usta na Domayo:
Elise dai kada wanda ya kawo ta nan don Allah. Ranar da ta faɗa rami shasin ya lanƙwashe babu mai waldar da zai taɓa maka shi, canzawa ake yi gaba ɗaya. Kuma na farkon masu injin Rover sun shahara da ƙona gaskit, a ƙasar sanyi ma kenan, ina ga Garwa a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Sai daga 2004 suka fara sa injin Toyota.

Kawu Rumde Ajiya:
Ina karanta ku tun ɗazu, abin ya tuna min da Peugeot 205. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1980 da 1990 mun san ta, akwai mai suna GTI da ta fito 1984, ƙarama mai zafin nama, wasu ma'aikata da 'yan kasuwa sun shigo da su. Haka muka gansu suka tsufa a hannun mutane, aka yi ta ɗora musu kaya, aka sa musu injin wata, wasu suna nan a bayan gareji kaji na ƙwai a ciki. Yanzu ɗana ke nuna min a waya yadda Faransawa ke neman mai kyau ido rufe. Na ce masa ai ko da mun sani a lokacin babu abin da zai canza, don wanda zai biya wannan kuɗin yana can, motar tana nan, kuma tamu rana da ƙura da hanya sun riga sun cinye abin da yake biya dominsa. Abin da ya fi damuna a maganarka ɗana shine shekara uku da kace ka yi kana tari. Na san yadda tara kuɗi yake a garin nan.

Ɗan Yelwa:
Kawu wallahi maganarka ta shige ni. Amma ku fahimce ni, ba wai ban san Corolla ta fi saurin sayuwa ba, kowa ya sani. Ina da babur da nake zuwa aiki da shi, kuma gidanmu akwai motar yayana in lalura ta taso. Abin da nake tsoro shine in na bari yanzu, aure ya zo, yara suka zo, shikenan har in tsufa ban taɓa hawa abin da raina ke so ba, kullum sai dai in kalla a waya

Hajiyar Njamena:
To wannan magana ce ta gaskiya kuma ta fi ta farkon. In haka ne kada ka zuba duka abin da ka tara, ga hidimar biki a gabanka.

Baban Ummi dillali:
Yauwa, yanzu muka dawo hanya ɗaya. In sha'awa ce to a yi cinikin sha'awa. Ka sani shi ma mai motar a Yawunde irin matsalar da nake faɗa maka yake ciki, ba layi ake yi a ƙofarsa ba, ka tambaya a ɓoye wata nawa tana kasuwa. Miliyan 5 da rabi kuɗin baki ne. Ni da zan taya maka daga 3 zan fara, in ya ce albarka ka bar masa lamba ka yi shiru mako biyu. Duk abin da ya wuce 3 da rabi ka tashi. Sannan ka ware a ranka cewa rabin abin da ka biya ba zai dawo ba, in ka ji zuciyarka ta ɗauki wannan asarar ba tare da ka shiga bashi ba, bismillah. Kuma takardu, ka ga takardar duwan, wato kwastan, ta asali da idonka, don tsohuwar mota harajinta ya fi nauyi shi yasa wasu ke bi ta bayan gida, ka haɗa lambar shasi da ta kartigiris, wato takardar rajistar motar, harafi da harafi, ka tabbatar sunan da ke jiki shine na wanda ke karɓar kuɗinka.

Na Beljik:
Ka turo min lambar shasin ta akwatin sirri in gani ko zan gano daga wace ƙasa ta fito. In daga kudancin Faransa ko Italiya ko Sifen ce da sauƙi wajen tsatsa, in daga Jamus ko nan Beljik ce sai an duba sosai. Kanta mai ƙirga kilomita kuma kada ka yarda da abin da ta nuna, ana mayar da ita baya, ka dubi yadda sitiyari da fedar kuloci da gefen kujerar direba suka cinye.

Mai MR2 Ngaundare:
In ka saya ka sako ta a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko ka tuko ta a hankali, ka sauka a wajena, mu rako ka har Mbe da tawa. Daga Ngaundare zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne, kafin ka isa gida ka san ko kun dace da juna. Ka nemi rumfa tun yanzu, tamfol ɗin nan baya jure ranar Garwa in a waje take kwana take yini.

Usta na Domayo:
Kafin ka kashe kuɗin tikiti ma, ce masa ya ɗauko maka bidiyo injin na sanyi da safe, ya tayar a gabanka mu ga kalar hayaƙi mu ji ƙara. Sai hoton dogarin ƙofa ta ƙasa hagu da dama, da cikin bakin tayar baya, da ƙasan kafet na but inda batir yake. In ya fara kawo uzuri a kan hoton ƙasa to ka san akwai abin da yake rufewa.

Ɗan Yelwa:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Na kira shi yanzu, yace motar wata bakwai tana hannunsa, kuma da na ce zan zo da makanike mu hau rami sai yace farashin akwai magana. Yace gobe bayan azahar zai turo bidiyon da hotunan. Usta zan tura maka su kai tsaye, Yaya ga lambar shasin nan na sa maka a akwati.

Usta na Domayo:
Ba bayan azahar ba, da safe nace, kafin ya ɗumama injin. Sake kiransa.